Baƙi a Ƙasar Masu Gida: Yadda Na Koyar da Tafiyar Lewis da Clark a Aji Shida

Jawabin da wata 'yar uwa malama ta gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshenmu.



Da aka ce in zo in yi magana a kan koyar da tarihi a firamare, na so in nemi uzuri, domin a zauren nan akwai waɗanda suka riƙe alli tun ina goye. Amma tun da shugabanni sun nace, zan ba ku labarin darasi guda ɗaya tak, wanda na fara shi da kuskure, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta tsayar da ni, na koma gida na sake shiri. Darasin kuwa ba na ƙasarmu ba ne, na Amurka ne. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada. Ku yi mini haƙuri, zan zo kan wannan.

Mafarin abin shi ne wani kwalin tsofaffin littattafai da aka kawo wa makarantarmu sadaka daga ƙasar waje. Yawancinsu ba su dace da yaranmu ba, amma akwai guda ɗaya mai hotuna da 'yan aji shida suka riƙa rububinsa har bangonsa ya fita. A bangon an zana wata mace goye da jariri, tana tsaye a bakin kogi tana nuni da hannu, wasu Turawa biyu suna kallon inda take nunawa. Goyon ne ya ja hankalin 'yan matan. Kullum sai sun tambaye ni, "Malama, wace ce wannan?" Da na gaji da cewa sai gobe, sai na karanta littafin, na ware masa darasi guda.

Bari in kawo gundarin labarin saboda waɗanda ba su taɓa cin karo da shi ba. A farkon 1803 Amurka ba ta kai girman da muka san ta da shi yau ba. Iyakarta ta yamma ita ce kogin Misisipi. A shekarar ne Napoleon mai mulkin Faransa, da yake yana neman kuɗin yaƙi, ya sayar mata da wani makeken yanki da ake kira Luwiziyana a kan dala miliyan 15. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan biyu, wato ya ninka Najeriya sau biyu har da ɗori. Mai sayarwa bai taɓa taka shi ba, mai saye ma haka. Shugaban Amurka na lokacin, Thomas Jefferson, wanda da ma ya daɗe da burin sanin abin da ke yamma, ya ɗora wa sakatarensa, wani hafsan soja mai suna Meriwether Lewis, alhakin ya bi kogin Mizuri har mafarinsa, ya nemo hanyar ruwa da za ta kai 'yan kasuwa tekun Fasifik, ya kuma rubuto abin da ya gani na mutane da dabbobi da tsirrai. Lewis ya gayyato tsohon abokin aikinsa William Clark suka raba jagoranci. Ranar 14 ga Mayu, 1804, ayarin ya tashi daga kusa da garin St. Louis da mutum arba'in da 'yan kai, cikin babban jirgin ruwa guda da ƙanana biyu. Ba su dawo ba sai 23 ga Satumba, 1806, bayan tafiyar kusan kilomita 13,000, alhali mutanen gari sun riga sun fid da rai. Mutum ɗaya kaɗai suka rasa, Saje Charles Floyd, shi ma ciwon ciki ne ya yi ajalinsa wata uku da tashi.

Haka na ba yara labarin a ranar farko, kamar tatsuniyar jarumai. Na ce musu waɗannan mutane sun kutsa ƙungurmin dajin da ba wanda ya san shi, suka gano koguna da duwatsu. Sai na juya shafi, na karanta musu yadda ayarin ya yi zaman hunturu a kusa da garuruwan wasu mutane da ake kira Mandan, yana sayen masara a hannunsu. Wata yarinya da ke zaune a benci na baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin ce ba wanda ya san wurin. To su masu masarar fa, ba mutane ba ne?" Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce mata ta zauna, za mu zo kai. Gaskiya ba ni da inda za mu zo. Ƙararrawar tashi ce ta cece ni.

Daren nan na kasa barci, domin tambayarta ta tono mini wani abu. Ina aji biyar aka tambaye mu a jarrabawa wa ya gano kogin Kwara. Na rubuta Mungo Park, aka ba ni maki cikakke, na kawo takardar gida ina murna. Alhali mutanen Yawuri da Bussa suna su a kogin nan, suna fito a kansa, tun ba a haifi kakan Mungo Park ba. Na wuce firamare, na wuce sakandare, na gama kwalejin ilimi, ban taɓa yin tambayar da yarinyar nan ta yi ba. Ga shi kuma ina shirin miƙa wa yara saba'in da biyu wannan makanta, sai dai a kan wani kogin daban.

Na yi mako biyu ina karatu a waya, domin kundin da matafiyan suka rubuta kullum yana nan a intanet kyauta, sai dai kuɗin data da ya ci rabin cefanena. Abin da na tarar ya sa na roƙi hedimasta ya ba ni darussa huɗu maimakon ɗaya. Na rubuta tambaya guda a saman allo, na hana a goge ta har muka gama: Wa ya ciyar da su, wa ya nuna musu hanya?

Darasi na farko a fili muka yi shi. Kowane yaro ya zo da toka a gwangwani, muka zana hanyar ayarin daga gindin tuta zuwa katangar yamma, taku ɗaya a madadin kilomita ɗari. Zuwa kawai ya ci taku sittin da wani abu. Da na ce musu daga Kano zuwa Legas taku goma ne, sai suka yi tsit. A gefen layin tokar na tsayar da yara rukuni-rukuni, kowane rukuni riƙe da kwali mai sunan al'ummar da ke zaune a wurin: Oto, Lakota, Arikara, Mandan, Hidatsa, Shoshoni, Salish, Nimipu, Cinuk, Kilatsop. Matafiyan sun sadu da al'ummomi kusan hamsin, amma kwalina goma ne. Doka ɗaya na kafa: 'yan ayari ba za su wuce kowa ba sai sun yi sallama an amsa. Ba su yi taku biyar ba tare da sun tsaya gaisuwa ba. Ban sake buƙatar gaya wa kowa cewa ƙasar ba kango ba ce.

A wurin Lakota muka ɗan jima. A ƙarshen Satumban 1804 mutanen nan sun tare ayarin suna neman a biya su fiye da 'yar kyautar da aka miƙa musu, har Clark ya zare takobi, su kuma suka ɗana kibau, sai da wani shugabansu mai suna Baƙin Ɓauna ya shiga tsakani. Littafinmu na sadaka ya kira su miyagu. Na tambayi yara, in fatake suka ratso ƙasar wani sarki da kaya niƙi-niƙi za su kai wa maƙwabtansa, me yakan faru? Wani yaro da kakansa ya yi fataucin goro ya ce ai sai madugu ya biya kuɗin hanya. Lakota ke riƙe da cinikin wannan sashe na kogin, jirgin kuwa yana neman ya wuce su ya kai kaya ga waɗanda ke saye a hannunsu. Yara suka fahimci rigimar ba tare da na ce wane ne mai gaskiya ba.

Sai garuruwan Mandan da Hidatsa, inda yanzu ake kira jihar Dakota ta Arewa. Garuruwa biyar ne, mutanensu sun haura dubu huɗu, sun fi mutanen St. Louis na wancan lokaci yawa. Babbar kasuwa ce. 'Yan kasuwar Faransa da na Ingila daga Kanada sun daɗe suna zuwa sayen fatu. Matansu ne manoma, suna noma masara da wake da kabewa suna adanawa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa. Ayarin ya gina sansani a kusa da su ya zauna wata biyar cikin sanyin da ya kai digiri arba'in ƙasa da sifili. Da nama ya yi wuya, abin da ya riƙe su shi ne maƙerinsu, John Shields, wanda ya riƙa gyara wa mutanen gari fartanya da gatari ana biyansa da masara. Akwai ɗan maƙera a ajina da yara kan tsokana da baƙin hannu. Ranar nan kansa a sama ya tafi gida. Mutanen Hidatsa kuma, da yake suna kai hari can yamma, su suka zayyana wa Lewis da Clark kogin da ke gabansu, suka ce za su tarar da wata babbar magangarar ruwa. A watan Yunin 1805, da kogin ya rabu biyu aka rasa wanda za a bi, wannan alama ce ta tabbatar musu sun zaɓi daidai. Sai dai magangarun biyar suka tarar, suka yi kusan wata guda suna jan kwalekwale da kaya ta tudu, tafiyar kilomita 29, ƙaya na huda musu takalma.

A nan ne matar da ke bangon littafin ta shigo. Sunanta Sakagawiya, 'yar Shoshoni ce da mayaƙan Hidatsa suka kama tana da kimanin shekara goma sha biyu, daga baya ta faɗa hannun wani Bafaranshen Kanada, Toussaint Charbonneau, ya mai da ta matarsa. Shi aka ɗauka aikin tafinta, ita kuma ta biyo shi. Ta haihu ranar 11 ga Fabrairu, 1805, aka tashi ranar 7 ga Afrilu, su talatin da uku har da jaririn, wato ko wata biyu bai cika ba. Shekarunta kimanin goma sha shida ko sha bakwai. Na dubi 'yan matan ajina na ga ba ta girme wasunsu da shekara huɗu ba. Na kuma gaya musu cewa hoton ya ɗan yi ƙari: mafi yawan hanyar ita ma baƙuwa ce a cikinta, ba ita ce jagaba ba. Amfaninta na gaskiya ya fi na hoton. Ta san saiwoyi da 'ya'yan itatuwan da ake ci. Ranar da iska ta kusa kifar da jirgi, mijinta ya ruɗe, ita ta zauna tana tsamo takardu da magunguna daga ruwa. Kuma Clark da kansa ya lura cewa ganin mace da goyo yakan kwantar wa mutane hankali, domin mayaƙa ba sa fita da jariri.

Darasi na biyu shi ne wanda nake so ku gwada ko da ba za ku koyar da wannan labari ba. A watan Agustan 1805 Lewis ya hau kan tudun da ya raba ruwan gabas da na yamma yana sa ran ganin kogi mai gangarawa teku, sai ya ga duwatsu bayan duwatsu, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Hanyar ruwan da Jefferson ke mafarki babu ita. Ba dawaki, ba tafiya. Dawakin kuwa suna hannun Shoshoni. Da aka zauna ciniki, sai Sakagawiya ta gane cewa shugaban nasu, Kameyawait, ɗan uwanta ne da rabonta da shi tun ranar da aka kama ta. Ta ruga ta rungume shi tana kuka, kana ta share hawaye ta zauna fassara. Ga yadda maganar ke tafiya: Lewis ya faɗa da Turanci, wani soja mai suna Labiche ya juya ta Faransanci, Charbonneau ya mai da ta harshen Hidatsa, Sakagawiya ta isar da harshen Shoshoni. Amsa kuma ta biyo wannan hanya ta dawo.

Allah ya hore wa ajina harsuna. Na jera yara huɗu. Na faɗa wa na farko da Turanci, ya gaya wa na biyu da Yarbanci, shi ya gaya wa wata yarinya da Hausa, ita kuma ta isar da Fulatanci ga wanda muka naɗa sarki. Saƙon shi ne: muna son dawaki talatin, za mu ba ku wuƙaƙe da tufafi yanzu, kuma in kun zauna lafiya da maƙwabtanku, nan gaba 'yan kasuwarmu za su kawo muku bindigogi. Da na tambayi sarki me ya ji, sai ya ce baƙi suna son dawaki uku, kuma za su ba shi bindigogi. Talatin ta koma uku domin yarinyar ba ta iya ƙirga Fulatanci ya wuce goma ba. Sharaɗin ya zube a hanya, "nan gaba" ma ta zube. Yara suka yi ta dariya. Da suka lafa sai na gaya musu cewa a duk inda ayarin ya sauka, Lewis yakan yi dogon jawabi yana kiran manyan mutane 'ya'ya, yana sanar da su cewa yanzu sun yi sabon uba a birnin Washintan, sa'an nan ya rataya musu lambar azurfa mai hoton Jefferson. Na ce, bayan maganar ta ratsa bakuna uku ko huɗu, me kuke jin sarakunan suka fahimta? Wani ya ce ƙila sun ɗauka gaisuwa ce da tsaraba. Wata ta ce, to ashe ba su yarda sun ba da ƙasarsu ba ke nan. Ban ƙara komai a kai ba.

Darasi na uku na yunwa ne. Wani dattijon Shoshoni da suka laƙaba wa suna Tobi shi ya ja su ta cikin duwatsun a watan Satumba. Kwana goma sha ɗaya suna fama da ƙanƙara, farauta ta ƙi, har suka yanka duƙushi uku suka ci. Suka gangaro a galabaice ƙasar mutanen da Turawa ke kira Nez Perce, su kuwa suna kiran kansu Nimipu, kuma da wannan suna na koya wa yara su. Nimipu suka ba su busasshen kifi da wata saiwa mai kama da albasa, cikinsu ya ɓaci suka kwanta ba sa iya ɗaga bindiga. Da an so hallaka su, ranar ce. Nimipu suna ba da labari har yau cewa an yi shawarar hakan, sai wata tsohuwa mai suna Watkuweis, wadda fararen fata suka taɓa yi wa alheri lokacin da take hannun bauta, ta hana. Shugabansu ya zana wa Clark taswirar kogunan gaba a kan farar fata, suka nuna musu yadda ake ƙona cikin gungume a yi kwalekwale, suka kuma riƙe musu dawakinsu amana har suka dawo bayan wata bakwai.

Ba na so ku ɗauka na mai da Lewis da Clark 'yan iska a idon yara. Wannan ma ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta gyara ƙarya. Mutane ne masu juriya da tsari, kuma abin da ya fi burge ni shi ne rubutunsu. Ko an wuni ana jan jirgi, da dare sai sun zauna sun rubuta, sun zana ganye da tsuntsu da kifi. Sun bayyana tsirrai 178 da dabbobi 122 da masanan Turai ba su da labarinsu. Clark bai iya ƙa'idar rubutu ba, kalmar sauro kaɗai ya rubuta ta ta hanyoyi fiye da goma, amma bai fasa ba. Wannan na riƙe wa yarana masu tsoron biro. Na sa kowa ya yi kundin mako guda na abin da ya gani tsakanin gida da makaranta, ba jan biro a kan kuskure. Wani yaro da bai taɓa cika mini layi uku ba ya kawo shafi biyu a kan gidan tururuwa.

Na kuma ba su labarin ranar 24 ga Nuwamba, 1805, bayan an isa teku, da aka tambayi kowa ra'ayinsa kan inda za a yi zaman hunturu, Clark ya rubuta har da ra'ayin Sakagawiya da na York, bawansa baƙar fata. Na ba su labarin yadda Sakagawiya ta tsaya kai da fata sai an tafi da ita ta ga teku da wata gawurtacciyar dabbar ruwa da igiya ta jefo, irin wadda muke kwatantawa da kifin Annabi Yunusa, tana cewa ba ta yi wannan doguwar tafiya don a bar ta a sansani ba. Amma ban ɓoye musu cewa da za su juyo gida a Maris na 1806 sun saci kwalekwalen mutanen Kilatsop da suka zauna lafiya da su ba, ko cewa a watan Yuli Lewis da mutanensa sun kashe samari biyu na al'ummar Blackfeet a rigimar bindigogi da dawaki.

Darasi na huɗu lissafi muka yi. Na raba allo biyu, suna a hagu, lada a dama. Lewis da Clark: eka 1,600 kowanne. Sojoji: ninkin albashi da eka 320 kowanne. Charbonneau: dala 500 da 'yan kai. Sakagawiya: na ja layi. York: na ja layi. York ya yi farauta, ya ja jirgi, ya ɗauki bindiga kamar kowa. Da aka dawo ya roƙi 'yancinsa, ko a ƙalla a bar shi kusa da matarsa da ke bauta a wani gari. Clark ya ƙi, har ya rubuta wa ɗan uwansa cewa ya yi masa dukan tsiya domin ya ga yana ɗaga kai. Wani yaro ya ce Turawa azzalumai ne. Da na yi shiru da na samu tafi a arha. Sai na ce masa a daidai wannan zamani akwai kasuwar bayi a garuruwanmu, kuma masu saye da sayarwa ba Turawa ba ne. Ban ji daɗin faɗa ba, su ma ba su ji daɗin ji ba, amma malamin da ke tona na wasu yana rufe nasa ba tarihi yake koyarwa ba.

Sa'an nan muka duba abin da ya sami masu masaukin. A 1837 cutar agana da ta zo a jirgin 'yan kasuwa ta kusa share Mandan daga doron ƙasa. Clark ya zama babban jami'in gwamnati mai kula da al'amuran 'yan asalin ƙasar, kuma ta hannunsa aka ƙulla yarjejeniyoyi da dama da suka raba su da filayensu. Nimipu kuwa, a 1877 sojan Amurka suka fatattake su daga ƙasarsu. Suka gudu da mata da yara ta wannan hanyar duwatsu da ayarin ya gangaro musu, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,900, aka cim musu saura kilomita sittin da wani abu su shiga Kanada. A shekarar 2000 Amurka ta buga hoton Sakagawiya da goyonta a kan kwabon dala. Yarinyar benci na baya ta tambaya ko an kai wa jikokinta kuɗin.

Yanzu in dawo kan biri da gada. Wani uba ya zo har makaranta ya ce mini, "Malama, 'ya'yanmu ba su gama sanin Bayajida ba kin kwashe su kin kai Amurka." Yana da gaskiya, na kuma gaya masa haka. Ba ina kira a cika jadawali da tarihin wasu ba, musamman yanzu da aka dawo mana da darasin tarihi bayan shekarun da aka cire shi, ga ƙarancin littattafai. Amma na nuna masa layin shekaru da muka zana a bangon aji. A Fabrairun 1804, wata uku kafin ayarin ya tashi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A Nuwamban 1805, watan da Lewis da Clark suka isa teku, Mungo Park ya shiga jirginsa a Sansandin ya gangaro Kwara, tafiyar da ta ƙare da mutuwarsa a Bussa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Clapperton a Sakkwato, ya ba shi taswirar ƙasa da kogin, aka je aka buga ta a Landan. Da na zo wannan darasi a zangon da ya biyo baya, ban gama ba da labarin ba yara suka ce, ai irin ta farar fatar Nimipu ce. Na lura yaro ya fi saurin ganin abu a gidan wani, inda ba kakansa a cikin rigimar. In ya gani a can, ya dawo gida da idon. Yanzu in na tambaye su game da Mungo Park, sukan rubuta cewa shi ne Baturen farko da aka sani ya isa tsakiyar kogin ya koma ya ba da labari, kuma sukan ƙara da tambayar wa ya tuƙa masa jirgi.

Abin da nake roƙon reshe kaɗan ne. Shirin darussan huɗu yana nan na rubuta shi da Hausa, shafi shida ne. In sakatare zai taimaka a buga, kowace makaranta ta samu kofi. Ba ya buƙatar komai sai toka da kwali da fili. Wanda ajinsa ba shi da harsuna huɗu, biyu ma sun isa saƙo ya karkace.

Akwai kuma tambaya guda da ta rage mini a wuya. A ranar ƙarshe, ɗan maƙeran nan ya ce, "Malama, da Nimipu sun san abin da zai biyo baya, da za su ba su kifin?" Ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce da sun bar su da yunwarsu. Wasu suka ce baƙo mai yunwa ba a tambayarsa abin da jikokinsa za su yi. Suka juyo gare ni in raba gardama, na ce su je su tambayi kakanninsu. Amsoshin da suka dawo da su ma ba su zo ɗaya ba. Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, in an tashi zan zo in ji taku, domin sababbin 'yan aji shida suna nan tafe, kuma littafin, ko da yake ba bango, yana nan a kabad.